Motocin Jama'a a Birni: Ina Ruwan Mutumin Ƙauye?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, wataƙila wani zai ce: ina ruwana da motocin birni, ni da jakina da amalankena sun ishe ni? To, a yi haƙuri a karanta. Albasar da ka noma birni za ta. Ragon da ka kiwata birni za shi. Ɗanka da ya tafi cin rani birni yake kwana. In ciwo ya gagari likitan ƙauye, babban gidan likita na birni ake kai mutum. Saboda haka yadda jama'a ke kai da kawowa cikin birni ya shafe mu, ko muna so ko ba mu so.

Gada guda ta haifi unguwanni

Mu ɗauki misalin Yamai. A shekarar 1926 anka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram anka maida shi Yamai. Lokacin da munka samu mulkin kai a 1960, mutanen garin ba su wuce wajen 30.000 ba. A ƙidayar 2012 sun zarce miliyan ɗaya.

Kafin 1970 babu gada bisa kogin Isa a Yamai. Mai son ƙetarewa sai ya jira jirgin fito ko ya shiga kwalekwale. Can ƙetare kuwa ƙauyuka ne irin su Lamorde da Kirkisoy, da gonaki, da wuraren kiwo. A 1970 anka gama gadar Kenedi. Daga nan sai gari ya bi ta. Anka gina jami'a a ƙetaren, da gidan likita, da ma'aikatu. Mutane sunka sayi filaye sunka yi gidaje. Wurin da Zabarmawa ke kira Harobanda, wato bayan ruwa, ya zama gunduma ta biyar ta birnin.

Shekara 40 gadar nan ita kaɗai ke ɗauke da kowa: mota, da babur, da keke, da jaki, da raƙumi mai kayan itace. Da ta yi kaɗan, anka buɗe ta biyu a 2011 da taimakon ƙasar Sin. Ta uku, mai sunan Janar Seyni Kunce, an buɗe ta a 2021. Darasin a fili yake: inda hanya ta bi, nan gari yake bi.

Gari ya yi faɗi, tafiya ta yi tsada

Garuruwanmu ba sama suke tashi ba, shimfiɗa suke yi kamar kabewa. Kowa na son gidansa da tsakar gida. Fili kuwa tsakiyar gari ya fi ƙarfin talaka, sai ya koma can baki-baki inda ya fi araha. Amma aikinsa da kasuwarsa suna tsakiya. Kullum sai ya je, kullum sai ya komo.

Tun 1963 hukuma ta kafa kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN, wanda daga baya ya sa manyan motoci na bas cikin Yamai. A cikin shekarun 1990 anka ware wa birnin kamfaninsa, SOTRUNI. Sai dai gari ya yi ta girma, motocin ba su ƙaru daidai da shi ba. Taksi da ƙananan motocin da ake kira faba-faba sunka cika gurbin. A Maraɗi da Damagaram da Tawa kuwa, kabu-kabu da adaidaita sunka zama abin hawan talaka. Ba a raina musu ba, sun rufa wa mutane asiri, sun ba samari da yawa abin yi. Amma ƙaramin abin hawa mutum kaɗan yake ɗauka, shi ya sa kuɗinsa ke da nauyi.

Ga lissafi. Mu ce kuɗin taksi dala 50 ne, kuma lebura sai ya canza mota sau ɗaya kafin ya kai wurin aiki. Zuwa dala 100, komowa dala 100. Jika guda ke nan kowace rana. In ya yi aikin kwana 26, jika 26 sun tafi bisa hanya. Sau da yawa wannan ya kai kuɗin buhun hatsi. Ga inda aiken da kake jira daga ɗanka ke zurarewa.

Taksi mutum 4 take ɗauka. Babbar bas tana ɗaukar 60 ko fiye. Ke nan bas guda tana aikin taksi 15, da direba guda da injin guda. In an raba kuɗin mai bisa kan mutum 60, abin da ke faɗa wa kowa kaɗan ne. Hanya ma ta samu sarari, hayaƙi ya ragu.

Dabarar Legas da Dakar

Duk kyan bas, in ta shiga cunkoso tsaye take kamar kowa. Shi ya sa wasu birane sunka yanka mata hanyarta ita kaɗai, kamar yadda ake ware burtali domin bisashe. Babu mai shiga sai ita. Ba ta tsayawa sai a tasharta.

Legas ta fara wannan a 2008. Hanyar farko ta taso daga Mile 12 zuwa tsakiyar birni, wajen kilomita 22. Ƴan cin rani sun san Mile 12, babbar kasuwar nan da ake sauke albasa da tumatir da tattasai daga arewa. Dakar, babban birnin Sanagal, ta buɗe tata a 2024: kilomita 18, tasha 23, motocin kuma da lantarki suke tafiya. An tsara ta domin tafiyar da ke cin awa ɗaya da rabi ta koma minti 45.

Mai sayar da nono ko kayan garka ya san darajar wannan lokaci. Salati da tumatir ba su jiran kowa. Wanda ya isa kasuwa da sanyin safiya shi ke yanka farashi. Wanda ya isa rana tsaka, sai abin da anka taya.

Amma sayen motoci shi ne mai sauƙi. Riƙonsu ke da wuya. Sai da makanikai, da kayan gyara, da kuɗin da ke shiga asusu ba aljihu ba. Motar da babu mai gyaranta, ko sabuwa ce, kwananta ƙidayayye ne.

Jirgin ƙasa

Kakanninmu sun ga abin da dogo ya yi wa Kano. Ya isa can a 1911. Cikin ƴan shekaru cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni sunka kafa rumbuna kusa da tasha, baƙi sunka cika Sabon Gari. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ma ta sha bin wannan hanya zuwa teku.

Mu ma an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, tsakanin 2014 da 2016. Amma ba a haɗa shi da dogon Paraku na ƙasar Benin mai kai wa teku ba, jirgi kuma bai kama zirga-zirga bisansa ba. Hanya sai ta haɗa wuri da wuri take amfani. A watan Fabrairu na 2021 Najeriya ta aza harsashin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Duk inda tasha ta sauka, kasuwa da gidaje za su biyo.

Mai gona bakin gari, a yi hattara

Nan ne maganar ta fi shafar mu. Tun kafin a fara aikin hanya, masu kuɗi sun ji labari. Sai su zo su taya gona da kuɗin da mai ita bai taɓa riƙewa ba. Ya sayar, ya yi biki, kuɗi su ƙare. Bayan shekara kaɗan a yi lotisma, a yanka gonar fili-fili, fili guda ya fi kuɗin da anka ba shi na gonar duka. Ɗiyansa su koma lebura inda ubansu ke noma. Burtali da mashaya su ma gini ya cinye su, makiyayi ya rasa ta inda zai kai bisashe kasuwar Turaku.

Doka ba ta bar mu hannu sake ba. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. Dokar kiwo ta 2010 ta kare burtali da makiyaya. Kuma in hukuma za ta karɓi gonar mutum domin aikin jama'a, doka ta ce a biya shi diyya. Saboda haka:

1. Ka je wurin mai gari da Kofo, ka yi wa gonarka takarda tun babu rigima.
2. Kada ka sa hannu ko ka dangwala bisa takardar da ba ka karanta ba. Amfanin yaƙi da jahilci ke nan.
3. Gonar gado ba a sayar da ita sai magada duka, maza da mata, sun yarda gaban shaidu.
4. In an kira taro kan sabuwar hanya, ku je. Ku tambayi inda za ta bi, da inda tasha za ta zauna, da inda bisashe za su ƙetare.

Birni ba ya ci sai ƙauye ya noma. Ƙauye kuma ba ya samun kuɗi sai kayansa sun isa birni da wuri, da araha. Hanya mai kyau alheri ce gare mu duka, muddin ta iske mu a shirye. Tun ran gini tun ran zane. Ku karanta wannan a wurin karatun manya, ku yi shawara a kai, ku rubuto mana abin da ke faruwa ga gonakin bakin garinku.