Babi na Bakwai: Daga Titin Gidan Zoo zuwa Ruwan Wikki

A yawancin gidajen Gyadi-Gyadi da Tarauni, idan aka ce iyali sun yi tafiya, to biki ne ya kai su, ko suna, ko ta'aziyya, ko kuwa an kai yara ƙauye gaida kakanni. Fita don kallo da hutawa kawai, wato yawon buɗe ido, an fi barin ta ga masu zuwa Dubai da Masar. Alhali mazauna waɗannan unguwanni suna zaune ne a bakin manyan hanyoyi uku. Titin Zariya ya miƙa kudu, ta nan ake zuwa Tiga da Falgore. Titin Maiduguri ya fita gabas ta Hotoro da Mariri, shi ke kai mutum Wudil, daga can a kama hanyar Bauchi da Yankari. Titin Gidan Zoo kuma a ƙofar gida yake, sannan tsohon birni da ganuwarsa tafiyar adaidaita sahu ce kawai.

Iyali mai matsakaicin ƙarfi zai iya haɗa kallon birni da shiga daji cikin kwana biyar ko shida. Abin da ke gyara irin wannan tafiya ko ya ɓata ta shi ne inda aka faro lissafi. Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi suna nan duk ranar da aka je musu. Daji kuwa yana da watanninsa da sa'o'insa. Saboda haka ranar shiga daji ake fara tsayarwa, sannan a jera sauran abubuwa kewaye da ita.

Zaɓen lokaci

Hutun makaranta mafi tsawo yakan faɗo ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar damina ke nan. A lokacin ciyawa a Yankari takan fi tsayin mutum, ruwa ya kwanta a kowane kwari, namun daji su bazu ko'ina don babu ƙishirwar da za ta tara su wuri ɗaya. Sai a yini ana zagaye ba a ga komai ba sai ganye. Da rani kuwa tafkuna kan ƙafe, ciyawa ta bushe, dabbobi su dawo bakin Kogin Gaji, wanda ba ya ƙafewa. Shi ya sa daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne lokacin ganin dabbobi.

A cikin watannin nan ma akwai zaɓi. A Maris da Afrilu an fi ganin namun daji, amma bazara ce, zafi kan haura digiri 40, abin da zai wahalar da jariri da tsohuwa a doguwar tafiyar mota. Hutun Disamba ya fi sauƙi ga iyali: rana ba ta da zafi sosai, sai dai a tanadi rigunan sanyi da man shafawa saboda hunturu, mai ciwon asma kuma ya riƙe maganinsa saboda ƙura.

Wanda yake son haɗawa da hawan Sallah sai ya duba kalanda tun da wuri, domin Sallah tana matsowa baya da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, amma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan saboda dalilan tsaro. Kada a ɗora tafiya kacokan a kansa.

Kwana biyu a birni

A fara da Gidan Zoo na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970. Hikimar farawa da shi ita ce yara su ƙare wa dabbobi kallo a kusa, su riƙe sunayensu da kamanninsu. A daji ba a samun wannan sukuni, domin sau da yawa bayan dabba kawai ake hangowa tana shigewa cikin kurmi. Zakunan da suka rage a Yankari kaɗan ne ƙwarai, da wuya baƙo ya yi ido biyu da su. Yaron da ya riga ya ga zaki a keji ba zai dawo daga daji da takaici ba. A je ranar aiki da safe, don ranakun Sallah wurin yakan cika maƙil.

Rana ta biyu ta tsohon birni ce, kuma da Dala ake buɗe ta, da sassafe kafin rana ta ɗaga. Daga kan dutsen ana hango Goron Dutse da koriyar ƙubbar Babban Masallaci da cunkoson gidajen cikin badala. Nan ne wurin ba yara labarin Barbushe da Tsumburbura, da yadda Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa tun ƙarni na 12. Idan an sauko sai Gidan Makama, wanda aka mayar gidan tarihi, a ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan sarakuna. Gidan da fadar sarki da Kasuwar Kurmi duk ana danganta su da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Uku ke nan a zamanin sarki ɗaya, yaro ba zai sha wuyar riƙewa ba.

A ƙarasa da marinar Ƙofar Mata, wadda tarihinta ke komawa 1498. A nan ya kamata a daɗe. Marini yana zaune a bakin rami, ya tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Ƙyallen yakan fito da ɗan kore-kore, sai iska ta juya shi shuɗi a kan idon mai kallo, kuma yawan tsomawa ne ke sa shi duhu. A gefe ga mabuga suna dukan tufa da manyan sanduna har ta ɗauki sheƙi. Yaro ya ga ilmin haɗa sinadarai ke nan ba tare da allo ba.

Wane daji?

Mafi kusa shi ne Tiga, ta hanyar Zariya, ana zuwa a dawo a yini ɗaya. An kammala madatsar ruwan a 1974, zamanin Audu Bako, tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma ita ke shayar da gonakin tumatir da shinkafa da alkama na Kadawa da Kura da Bunkure. Akwai duwatsu da masunta da kwale-kwale. Sai dai a hana yara wanka a bakin dam da magudanan rani, domin irin wannan ruwa yakan ɗauke da tsutsar da ke kawo tsargiya. Kada kuma a shiga kwale-kwale babu rigar kariya daga nutsewa.

Dajin Falgore yana da nisan kimanin kilomita 150 kudu da Kano, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, hanyar Jos kuma ta ratsa ta cikinsa. Daji ne mai kyau, amma ya yi fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, har a 2017 sojoji suka mayar da shi filin atisaye. Ba wurin kutsawa da mata da yara ba ne sai da izini da rakiyar hukuma.

Ga mai son cikakken daji da wurin kwana, Yankari ce, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1991, ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Tana da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Najeriya, ga ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, ga dorina da kada a kogi, ga tsuntsaye fiye da iri 350.

Hanya

Daga Kano zuwa Bauchi kusan kilomita 300 ne, ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi. Daga Bauchi zuwa sansanin Wikki da ke cikin Yankari kuma akwai fiye da kilomita 100: a bi hanyar Gombe, a ratse a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji. Direba shi kaɗai zai iya shanye wannan a yini ɗaya. Da goyo da tsofaffi kuwa gara a raba biyu, a kwana Bauchi. A bar gida bayan sallar asuba, a tabbata an sauka kafin magariba. Ranar Juma'a Wudil ke cin kasuwar shanu, gadar garin kan cushe da manyan motoci, saboda haka a zaɓi wata rana.

Hanyar ita ma tana da abin kallo. A Birnin Kudu akwai duwatsu masu tsofaffin zane-zanen shanu waɗanda mutanen zamanin da suka yi. A Kafin Madaki akwai gidan Madakin Bauchi da fitaccen maginin nan Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, kuma a yankin ne dajin Sumu yake, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya. A Bauchi kuma sai a ziyarci kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, a yi masa addu'a, a ga kayansa da aka adana. Wuri ɗaya ko biyu ya isa. Wanda ya ce sai ya ga duka, dare zai yi masa a hanya. Tafiyar ta zarce kilomita 80, don haka akwai rangwamen sallar ƙasaru, dama ce kuma ta koya wa yara hukuncinta a aikace.

A sansanin Wikki

Masu fara tarbar baƙo a Wikki birai ne. Gwaggon biri ya san leda sarai, ya san kular abinci, ya kuma gane cewa yaro da mace sun fi sauƙin yi wa fizge. Yana zaune can gefe kamar ba ruwansa, da an buɗe bayan mota sai a ga ya diro, ya suri burodi ya haye rufi yana ci ana kallonsa. Ƙofar da ba a kulle ba yakan tura ta ya shiga. Dokar ita ce a ci abinci a cikin ɗaki, a rufe taga, kada a bar yaro ya fita da abu a hannu, kada kuma a miƙa wa biri ko da ɓawon ayaba. Gadu shi ma yana yawo tsakanin ɗakuna, yana durƙusawa kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwo. A bar shi ya yi harkarsa.

Zagayen daji da sassafe ake yi ko da la'asar, tare da ɗan rakiya na hukumar wurin. Ba a sauka daga mota sai ya ce a sauka, ba a hayaniya, giwa mai ɗa kuma ba a matsa mata. Akwai ƙudan tsando, wanda launin shuɗi da baƙi ke jawowa, har ma da irin waɗannan ƙyallaye ake haɗa masa tarko. To rigar da aka sayo a Ƙofar Mata ta zauna a jaka, a sa tufa mai ruwan ƙasa da dogon hannu. Ana iya kai baƙi Kogunan Marshall, ƙananan ɗakuna waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey.

Ruwan Wikki shi ne ladan tafiya. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garau har ana ganin farin yashin ƙasa, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana zubar da kimanin lita miliyan 21 kowace rana zuwa Kogin Gaji. Kusa da dutsen yana iya shanye tsayin babba, can ƙasa kuwa bai da zurfi, nan ne wurin yara, tare da babba ɗaya da ba ya ɗauke ido daga kansu. Matan da ke son sakewa sai su sauka da sassafe kafin jama'a su taru.

Kuɗi, guzuri da rabon aiki

Farashi yana canzawa, don haka a kira waya a ji kuɗin shiga da na ɗaki da na motar zagaye, a kama ɗaki tun da wuri idan ƙarshen shekara ne. A rubuta man mota da masauki da abinci da tsaraba, a ƙara wani abu na ko-ta-kwana. Adashen wata shida yakan rage nauyi, haka nan gida biyu su haɗa kuɗin hayar bas ɗaya. A riƙe tsabar kuɗi, domin sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a daji.

Mota ta ga bakanike kwana uku kafin tashi: birki, taya da safaya, ruwan lagireto, fitilu, takardu. A cika tanki a Bauchi. Guzuri ya zama wanda ba ya lalacewa, irin su kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli da dabino da cincin, da ruwan sha mai yawa. A ɗauki gidan sauro da tocila da ruwan gishiri da sukari na leda, mai hawan jini ko ciwon suga kuma ya ƙirga ƙwayoyinsa. Duk wanda ya yi zazzaɓi bayan an dawo a kai shi gwajin jini.

A ba kowa aiki. Uwargida ta riƙe lissafin abinci da magani, babban yaro ya riƙe littafin rubuta sunayen garuruwa da dabbobi, ƙananan su kula da tattara leda da robar ruwa. Saurin tafiyar duka da mafi rauni a mota ake auna shi: idan Hajiya Kaka ta gaji, an tsaya ke nan. A bar kwana ɗaya na hutawa a gida kafin komawa aiki da makaranta.

Gidan da aljihunsa bai kai Yankari ba bana, Dala da Ƙofar Mata da Tiga sun ishe shi somin-taɓi. Wanda kuma ya ƙudurta zuwa Wikki a Disamba, to ya zauna da iyalinsa tun watan Yuni, a tsayar da rana, a fara zubi.