Telemark: Zamiyar Ƙanƙara Da Ake Yi Da Dunduniya A Sake

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin Turawa a talabijin suna gangarowa daga kan dutse bisa dusar ƙanƙara, ƙafafunsu ɗaure a kan wasu dogayen katakai biyu. To, a cikin wannan wasa akwai wani salo da ake kira telemark, wanda ya bambanta da sauran a wuri guda: gaban takalmi kaɗai ake ɗaurewa, dunduniya kuwa a sake take.

Sunan na wani yanki ne a kudancin ƙasar Norwe. A can ne, a ƙauyen Morgedal, aka haifi Sondre Norheim a shekarar 1825. Talaka ne, da hannunsa yake sassaƙa katakansa. Ya rage musu faɗi a tsakiya domin su yi saurin juyawa, ya kuma murɗa saiwar itace ya zagaya bayan ƙafa don kada katakon ya kuɓuce. A 1868 ya je birnin Kiristiyaniya, wato Oslo ta yau, ya lashe gasa yana da shekara 42. Daga baya salon ya kusa ɓacewa, sai a shekarun 1970 matasa a jihar Kolorado ta Amurka suka farfaɗo da shi.

Ga yadda ake juyawa. Idan mutum zai yi hagu, sai ya tura ƙafar dama gaba, ta hagu ta koma baya, ya ɗaga dunduniyarta, ya lanƙwasa gwiwoyi kamar mai shirin durƙusawa gaban babba. Idan zai yi dama, sai ƙafafun su yi musanya. Faɗi da baki ba wuya.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙafar baya. Sabon shiga ba ya yarda da ita. Da ya ga gangare, sai ya ɗora duk nauyinsa a ƙafar gaba, ya bar ta baya tana jan ƙasa kamar jela. Katakon da babu nauyi a kansa kuwa rawa yake yi, ya bi inda ya ga dama, ya harɗe ɗan'uwansa, sai faɗuwa. Shi ya sa malaman wasan ke nanata cewa a raba nauyi kusan daidai tsakanin ƙafafun biyu, a danne katakon baya da gindin yatsu, kada kuma a buɗe taku da yawa, gwiwar baya ta tsaya kusa da ƙarƙashin ƙugu.

Mu a ganinmu, rabin matsalar tsoro ne. Duk wanda ya taɓa tuƙa babur da kaya cikin yashi a hanyar kasuwa ya san abin: ka sandare hannu, ka zuba ido a tayar gaba, ka sha ƙasa. Haka mai telemark. Tsoro kan sa shi ya jingina baya wajen dutsen yana kallon ƙafafunsa, alhali abin da ake so shi ne hannuwa a gaba, ƙirji na fuskantar gangare, ido a kan inda za a je.

Tun farkon shekarun 1990 takalman roba masu tauri suka fara maye gurbin na fata, sun kuma sauƙaƙa riƙe katako, amma ba su koya wa kowa yarda da ƙafar baya. Wannan sai a gangare mai sauƙi, inda faɗuwa ba ta da zafi. Can ake sa ɗalibi ya ajiye sandunan hannu, ya riƙa ratsa gangaren a karkace yana musanya ƙafa sannu a hankali. Akwai kuma atisayen da ake hana shi musanyar gaba ɗaya: ƙafa ɗaya ta zauna a baya, ya juya hagu ya juya dama a haka, har sai ya ji katakon bayan ya fara cizon ƙanƙara. Sa'annan a sauya ƙafa, a sake daga farko.