Gonar da ta daina riƙe taki

A 2017, ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa da Najeriya ta ƙulla da kamfanin OCP na Maroko, an tsayar da buhun kamfa a kan naira 5,500. Zuwa daminar 2024 ya haura naira 30,000 a kasuwannin Arewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022, cire tallafin man fetur a 2023, da faɗuwar darajar naira. Ko masana'antar yuriya ta Ɗangote da aka buɗe a Lekki a Maris ɗin 2022, mai iya samar da tan miliyan 3 a shekara, ba ta karya farashin ba, domin da kasuwar duniya ake auna kuɗin yuriya.

Kukan tsada kowa ya ji shi. Akwai wani kukan da ya fi shi nauyi, wanda ke fitowa daga bakin manoman da suka iya sayen takin: "Gonar ta gaji." Buhun da aka zuba bara shi aka zuba bana, amma damman da aka ɗaure sun ragu.

Yawancin gonakin tudu a ƙasar Hausa jigawa ce, rairayi ya fi yawa, ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi kuwa kaɗan ne ƙwarai a cikinta. Wannan ruɓaɓɓen abu shi ke riƙe danshi da sinadaran da saiwa ke sha. Idan babu shi, zuba yuriya tamkar ɗiban ruwa ne a kwando. Wadda aka watsa a saman ƙasa ba a binne ba, wani kasonta iska ke kwashewa, ruwan Agusta kuma ya nutsar da wani inda saiwar masara ba ta kai ba.

Magabata sun san da haka, shi ya sa suka yi tanadi. A ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano an daɗe ana noma gona ɗaya shekara bayan shekara ba hutu, ba ta kuma mutu ba. Da rani jakai kan shiga birni da itace, su dawo da mangaloli cike da toka da juji, a jera su tsibi-tsibi a gona kafin ruwan shuka. Bafulatani kan sauke garkensa a gonar manomi bayan girbi, shanu su ci kara su bar kashi, a sallame shi da hatsi. Wake na yaɗo a ƙarƙashin gero da dawa, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya yi rauni. Gado ya tsattsaga gonaki, babu mai filin da zai bari ya zama saura. Kara da harawa sun zama kuɗi: ana kwashe su tas don kiwon ragunan layya, danni da girki, a bar ƙasa tsirara wa iskar hunturu. Jujin birni ya cika da leda. A sassan Zamfara, Katsina da Sakkwato, rashin tsaro ya rusa amanar da ke tsakanin manomi da makiyayi, kuma wannan asara ce da ba a cika lissafa ta cikin ɓarnar rikicin ba. Ga kuma noman haya. Takin gida sai ya shekara biyu ko uku yana aiki, to wa zai wahala ya kai shi gonar da ba shi da tabbacin za a bar masa baɗi?

Da kuɗi suka gaza, manoma da dama sun koma yuriya zalla, don nan da nan take sa ganye ya yi kore shar. Amma sinadari ɗaya take bayarwa, alhali ƙasar na fama da ƙarancin fosfaras, kuma yawan zuba ta na ƙara wa ƙasa tsami. Ƙuduji, wanda ke maƙale wa saiwar dawa da gero da masara yana tsotsa, ya fi samun gindin zama a irin wannan gona da ta rame. Wasu sun rage masara sun koma waken suya da riɗi. Waken suya alheri ne ga ƙasa, sai dai ƙarancin masara kan bayyana a farashin tsaba da na abincin kaji.

Ba na cikin masu cewa a watsar da takin zamani. Kashin dabbobin da ake da shi bai kai ya ciyar da gonakin da ake nomawa yau ba. Abin da aka gwada a Nijar ya fi gamsar da ni. A yankin Maraɗi, tun farkon shekarun 1980, manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi. Binciken da aka yi daga baya ya ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da suka sake yin itatuwa a kudancin ƙasar. Gawo, wanda ke cikin waɗannan itatuwa, yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, kuma amfanin da ke gindinsa ya kan fi na fili kyau. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kuma an inganta dabarar ɗan ɗigo: taki kaɗan, abin da yatsu uku za su ɗauka, a ramin shuka maimakon watsawa.

Taron shugabannin Afirka na Abuja a 2006 ya sa burin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta zuwa 2015, burin da bai cika ba. Taron Nairobi na Mayun 2024 ya haɗa lafiyar ƙasa da batun taki a takensa da kuma shirinsa na shekara 10. A jihohinmu kuwa har yanzu da yawan tirelolin da aka raba ake auna tallafin noma, yayin da malamin gona da zai nuna wa manomi ya binne yuriyarsa, ko ya auna masa tsamin ƙasarsa, ya yi wuyar gani a ƙauyuka da yawa.