Kyamarar Tsaro Da Ruwan Damina

Yanzu manoma da 'yan kasuwa da yawa suna kafa kyamara a bakin sito ko garke saboda ɓarayi. Amma sau da yawa kafin damina ta raba sai hoto ya ɗauke. Galibi kyamarar lafiyarta lau, ruwa ne ya shiga inda wayoyi suka haɗu, tsatsa ta ci wurin.

Maganin wannan shi ne ɗan akwatin roba mai murfi, wanda a ke ɓoye mahaɗar wayoyin a ciki. A nemi mai alamar IP66, watau ƙurar hunturu ba ta shigarsa, ruwa mai ƙarfi kuma ba ya ratsa shi.

A kafa shi tare da kyamarar ƙarƙashin bakin kwano, nesa da indararo, kamar ƙafa 10 daga ƙasa, inda hannu ba ya kaiwa. Lalle ne kafar da waya ke shiga ta dubi ƙasa. A bar wayar ta ɗan sauko ta lanƙwasa, sa'an nan ta hau cikin akwatin, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige ƙasa. Sauran kafofi a toshe su saboda zanzaro da tururuwa.

Kuɗin akwatin bai kai na buhun gero guda ba.