Matsalar Tantance Jinsi a Cinikin Kifin Parosphromenus

Kifin Parosphromenus, wanda tsawonsa bai cika wuce santimita 4 ba, yana rayuwa ne a baƙin ruwa mai tsami na dazuzzukan fadama a Maleshiya da Indonesiya. Bleeker ya bayyana jinsin deissneri daga tsibirin Bangka a shekarar 1859, kuma da wannan suna dillalan kifin ado suka daɗe suna sayar da jinsuna mabambanta a Turai. Da yake matan suna kama da juna ƙwarai, ana dogara ne da launin fukafukan namiji lokacin barbara, da kuma sanin rafin da aka kamo shi. Rashin wannan bayani kan sa masu kiwo su cakuɗa jinsuna, alhali gonakin kwakwar manja suna cinye mazauninsu na asali.