'Yan Zari-Ruga Da Suka Tafi Yaƙi, Da Namu Ƙarfafan Da Aka Manta

Mu nan Tafashiya ba mu san zari-ruga ba. Ƙwallon ƙafa yaranmu ke bugawa, ƙarti kuma sai kokawa da dambe idan an kai amfanin gona gida. Wasan na Turawa ne: mutum 15 kowane ɓangare, ƙwallo mai siffar ƙwai, ka rungume ta ka ruga, abokin karawa ya cafke ka ya maka da ƙasa. Wasa ne na masu ƙashi, kuma irin waɗannan samari soja ke nema.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, 'yan wasan da ke wakiltar ƙasashensu suka tuɓe riguna suka sa kaki. Fiye da 130 ba su dawo ba. Ronald Poulton shi ne kyaftin ɗin Ingila a shekarar, a wasansu da Faransa ma sau huɗu ya dire ƙwallo bayan layi. Ran 5 ga Mayu 1915, cikin dare, yana duba gyaran ramin ɓuya a Beljiyam, wani maharbi ya ɗauke shi da harsashi. Shekararsa 25.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Dave Gallaher, da ya jagoranci 'yan wasan Niyuzilan zuwa Turai a 1905. Ya haura arba'in, ya riga ya yi yaƙi a Afirka ta Kudu, ba wanda zai zarge shi in ya zauna gida. Sai ya rage shekarunsa a takarda, aka ɗauke shi. Ɓarɓashin bam ya same shi a fuska ran 4 ga Oktoba 1917, ya cika a ranar. Tun shekarar 2000, Faransa da Niyuzilan ke karawa kan kofi mai sunansa.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Su Turawa sun adana sunan kowane ɗan wasa, da garinsu, da ranar da ya faɗi. Mu fa? A Yaƙi na Biyu an kwashi dubban samarin Arewa cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Bama, suka ratsa dazukan Kaladan da Arakan da kaya niƙi-niƙi a ka, ana ba da umarni da Hausa. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda shi kansa gwanin folo ne, ya je can ya gaishe su bayan hawansa sarauta a 1944. Ba raggwaye aka zaɓa ba. Ban yarda a ce cikinsu babu wanda kalangu ya taɓa kira a fagen dambe ba. Sunayen waɗanda suka rasu suna rubuce jikin dutse a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, amma dutsen bai faɗi wa ya taɓa kayar da wa a dandali ba.

Su 'yan Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. 'Ya'yansu na nan a Kankiya da Kusada, wasu da lambar yabon uban a ƙasan adaka. Malaman makaranta da ɗalibai, ku je ku zauna da su, ku rubuta sunan tsohon sojan da ƙauyensu da kirarinsa tun da sauran masu iya faɗa.