Yadda gawayi na musamman ke kama gubar da ke cikin ruwan kwata

A Unguwar Dosa, kamar sauran unguwannin arewacin Kaduna, ruwan masu wankin mota da masu wanki da guga da na garejin kanikawa duk a kwata yake ƙarewa, daga nan ruwan sama ya kora shi zuwa Kogin Kaduna. Daga wannan kogi ne matatar ruwa ta Malali, wadda ke maƙwabtaka da unguwar, take ɗiban abin da take tacewa. A kudancin gari kuwa, masaƙun Kakuri, da suka soma da Kaduna Textiles a 1957, sun shafe shekaru suna sakin ruwan rini da ke gangarawa cikinsa.

Alif da yashi suna kwantar da laka, kulorin yana kashe ƙwayoyin cuta, amma launin rini da ɓurɓushin mai da maganin ƙwari da suka narke a ruwa sukan wuce su. A nan ne gawayin da aka sarrafa yake da rana.

Ba gawayin girki ba ne, ko da yake asalinsu ɗaya. Ana gasa ɓawon kwakwa ko ɓawon gyaɗa ko totuwar masara a inda iska ba ta shiga, sannan a bi shi da tururi mai zafin da ya kai digiri 800 ko fiye. Tururin yana huda masa ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, masu yawan gaske, har ta kai idan aka shimfiɗa bangayen ƙofofin giram 1 za su rufe murabba'in mita 500 zuwa 1,500. Wato giram 10 mai kyau ya kai faɗin filin ƙwallo. Yayin da ruwa ke ratsawa, gubar tana manne wa waɗannan bangaye kamar yadda ƙura ke kama farar riga, ruwan kuma ya wuce. Shi ya sa gaggawa ke ɓata aikin. Sai ruwan ya bi a hankali kafin gubar ta sami wurin kamawa.

Akwai abin da bai iya ba. Ba ya kashe ƙwayoyin cutar kwalara ko taifot, ba ya cire gishiri, kuma ƙarfinsa a kan dalma da danginta bai taka kara ya karya ba sai an ƙara masa wasu sinadarai. Don irin waɗannan ƙarafa ana amfani da wani ma'adini mai ƙofofi da ake kira ziyolait, wanda masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka haɗa daga farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina.

Babbar matsalar ita ce gawayin yana ƙoshi. Da zarar ƙofofin sun cika, gubar wucewa take yi kamar ba a sa komai ba, alhali ruwan na iya fitowa garau. Mai gidan ruwan leda ko mai rijiyar burtsatse da ya shekara bai sauya gawayin matatarsa ba, hoto kawai ya ajiye. Wanda aka cire ɗin ma shara ce mai guba: a manyan masana'antu ana sake gasa shi a tanda ta musamman don ya koma aiki, amma idan aka watsar da shi a bola, damina ce za ta wanke wani ɓangare na abin da ya kama ta mayar cikin kwata. Sa ido kan ruwan da masana'antu ke zubarwa yana wuyan hukumar NESREA ta tarayya, wadda aka kafa a 2007, da takwararta ta jiha, KEPA.